Tsohuwar motar tsere da ta ruɓe: yadda za ka gane ko ta cancanci a tashe ta kafin ka zuba riyal ɗinka

Shekaranjiya da daddare ɗan ƙanwata ya turo min hotuna a WhatsApp, wata Datsun Z ce ja, ko in ce wadda ta taɓa zama ja, tana kwance a wani hosh, wato fili mai katanga, can kudancin Jidda, tayoyi sun nutse a ƙasa, gilashin baya babu, har wata 'yar bishiya ta tsiro ta gefen bamba. Ƙarƙashin hotunan ya rubuta, "Kawu mai ita ya ce injin lafiya lau, in saya?" Na ce masa ɗana ba a cinikin biri a sama, kuma wannan maganar injin da ya fara yi maka ita ce ma ta fi ba ni tsoro, don mai sayar da ruɓaɓɓiyar mota kullum injin yake nuna maka saboda kada ka sunkuya ka leƙa ƙasa.

Na fi shekara ashirin ina aikin samkara, wato gyaran bodi da walda, a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, irin waɗannan 'yan ƙofa biyun na da sun sha wucewa ta hannuna, wasu sun tashi suna yawo a Kornish, titin bakin teku, yanzu haka, wasu kuma har yau suna nan a kan katako sun cinye kuɗin masu su sun cinye zumunci. Toh ga yadda nake duba su, daki-daki.

Kayan da za ka tafi da su

Tocila mai haske sosai, ta waya ba ta isa. Mayen ƙarfe ƙarami, kuma mara ƙarfi ya fi, irin na roba da ake mannawa a jikin firij, don mai ƙarfi yana kamawa ko da akwai ma'ajun, wato ƙullin da ake cike lotsar bodi da shi, a ƙasan fenti sai ya yaudare ka. In kana da na'urar awon kaurin fenti toh madalla, in babu mayen ƙarfen ya wadatar. Sukundireba mai tsini da 'yar guduma. Jak da ƙafafun ƙarfe na ɗora mota, in ba ka da su ka nemi katako mai kauri, amma dan Allah ban da bulo, bulo yana rugujewa ba sallama kana kwance a ƙasa. Sufanar fulogi, soket da dogon hannu, gejin awon matsin silinda, tef na awo, ɗan man giya da sirinji. Tabarma ko kwali na kwanciya, safar hannu, takunkumi. Littafi da biro, ba waya kawai ba, akwai dalili.

Sai abu na ƙarshe, ka tafi da mutumin da motar ba ta burge shi. Abokinka mai son mota irinka ba zai amfane ka ba, ku biyun za ku tsaya kuna "kai, dubi hancinta". Kuma da safe ake zuwa bayan gari ya waye sosai, kafin rana ta yi zafi, ba da daddare ba.

1. Takarda kafin ƙarfe

Kafin ka taɓa ko marfin injin ka ce a nuna maka istimara, wato takardar rajistar motar. Ka duba sunan da ke kai, shi ne mutumin da ke tsaye gabanka ko kuwa? Sannan ka nemo lambar shasi a jikin motar da idonka ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi. Motocin kafin 1981 lambarsu ba ta kai 17 irin ta yanzu ba, kada wannan ya ruɗe ka. A Datsun 240Z mai sitiyarin hagu lambar tana farawa da HLS30, kuma an buga ta a jikin bangon da ke tsakanin injin da ɗakin direba, ba a faranti kawai ba. Faranti ana cire shi a manna wani, wadda aka buga a ƙarfe ita ce shaida. In ka ga alamar walda ko gurza a kewayen lambar, ka naɗe tabarmarka ka yi sallama.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Naƙalin milkiyya, wato mayar da mota sunanka, yana buƙatar istimara mai rai da fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, da ta'amin, wato inshora, ita kuma motar da ta shekara goma sha biyar a kwance ba za ta ci fahas ba sai an gyara ta. Ka ga kenan za ka zuba dubban riyal a motar da har yanzu sunan wani ke kanta. Saboda haka ka zauna da mai ita ya buɗe Absher, manhajar gwamnati ta waya, a gabanka ku ga matsayinta, akwai tarar da ta taru, akwai wani riƙo a kanta, ko an riga an soke ta daga rajista kamar yadda ake yi wa motar da aka kai tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu. Wadda aka soke ka ɗauke ta a matsayin kayan gyara kawai, ka biya kuɗin kayan gyara. Sannan ka je murur, wato ofishin 'yan sandan hanya, da kanka ka ji yadda za a bi da irinta, kuma ku rubuta yarjejeniya da shaidu kan wa zai biya tara da yaushe za a yi naƙali.

Motar gado ita ce ta fi wahala. Wani abokin aikina ya tashi wata Marsandi SL tsaf, shekara biyu yana kanta, ɗan mamacin ne ya sayar masa, ranar da ta fito tana ƙyalli sai ga sauran magada sun tuna ashe suna da rabo. In mai sunan ya rasu sai ka ga takardar ƙididdigar magada daga kotu da wakalar da suka ba wanda ke sayarwa, in ba haka ba ka haƙura ko da kyauta ce.

2. Ka san wace ce ita, kuma nawa lafiyayyiyarta take

Kuɗin walda da fenti kusan ɗaya ne ko motar mai daraja ce ko ba ta da shi, awa ɗari na samkari awa ɗari ne. Abin da ya bambanta shi ne nawa za ta yi in an gama. 240Z ta farkon shekarun 1970 da 280ZX da ta fito daga 1978 zuwa 1983 duk "Zed" muke ce musu a nan, amma a kasuwa ba ajinsu ɗaya ba, ta farkon ta fi nesa ba kusa ba. Haka Marsandi, SL mai lamba 107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989 an yi ta da yawa, ba za ka haɗa ta da wadda ta gabace ta ta 1963 zuwa 1971 ba. Ka shiga Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka nemo uku ko huɗu masu tafiya da ƙafarsu, ka kira ka ji farashin gaskiya ba wanda aka rubuta ba, ka sa a littafinka. Za mu dawo kan wannan lambar.

3. A ina ta kwanta?

Wannan tambayar a Saudiyya rabin amsa ce. Motar Riyad ko Ƙasim rana ce ke cin ta, dashbod ya tsage, roba ta bushe tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, kujeru sun ƙone, fenti ya koɗe, amma sau da yawa ƙarfen yana nan garau. Motar Jidda ko Yanbu ko Jizan ko Dammam kuwa raɓa da gishirin teku ne ke cin ta daga ciki, za ka iya ganin kujeru da kyau alhali ƙasa ta zama rariya. Ni ko yaushe na fi son wadda rana ta ƙona a kan wadda teku ya lasa.

Sannan ambaliya. Duk wanda ke Jidda a Nuwambar 2009 ya ga abin da ruwa ya yi wa motoci musamman wajen Ƙuwaiza, ya kuma sake a Janairun 2011, kuma da yawa daga tsofaffin motocin da ke kwance tun lokacin suke kwance. Ka ɗaga kafet, ka leƙa layin da kujera ke gudu a kai, ka sa tocila bayan dashbod. Busasshen laka mai laushi kamar hoda a wurin da ƙura ba ta kaiwa, ko wani layi a cikin gilashin fitila, ko kore-kore a bakin wayoyi, toh ta sha ruwa. Af, kafin ka zura hannu ko'ina ka bubbuga tukuna, kunama da ɓera sun riga ka zama a ciki.

4. Ƙashin motar, nan ne maganar take

Ɗan bayani kaɗan. Motoci iri biyu ne. Akwai mai shasi daban bodi daban, kamar Corvette ta 1968 zuwa 1982, ana iya ɗage bodin a ajiye gefe. Akwai wadda bodin shi ne ƙashin gaba ɗaya, kamar Datsun Z da SL 107 da MGB, a irin wannan dokin ƙofa na ƙasa da daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan da ke bi ta ƙarƙashi su ne ke riƙe da motar, in suka ruɓe ba ado ne ya lalace ba, motar ce ta karye.

Tsatsa ma hawa uku ce. Ta sama wadda in ka kankare za ka ga farin ƙarfe, wannan ba komai ba ce. Mai ƙuraje, fenti ya kumbura kamar ƙyanda, wannan daga ciki ta fito, abin da ke ɓoye ya ninka abin da ka gani. Sai ta uku mai ɓawo-ɓawo wadda sukundireba ke shigewa, wannan ba ƙarfe ba ne kuma, sai yanka.

Ka nemi izinin mai motar kafin ka fara tsokana, in ya hana ka toh ya ba ka amsa kenan. Ka ɗaga motar ka ɗora a ƙafafu, kuma ka lura lokacin ɗagawar, in ka ji ƙarar murƙushewa kamar an taka kwali, ko wurin jak ɗin ya lotsa ciki, sauke ta a hankali kada ka shiga ƙarƙashi. In ta ɗagu lafiya sai ka buɗe ƙofa ka rufe tana sama, ƙofar da ke rufuwa a ƙasa amma ta ƙi a sama tana gaya maka bodin yana lanƙwasa. Masu buɗaɗɗen rufi sun fi yin haka.

Yanzu ka kwanta da tocila da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa "ƙwal ƙwal", ruɓaɓɓe ko wanda aka cika da ma'ajun sai ka ji "dub". Ka bi dokin ƙofa daga gaba zuwa baya, ka bi daɓen ƙasa, ka bi duk inda ƙafar mota ta kama bodi da inda shokozoba ya zauna. Kowace mota kuma tana da inda take fara mutuwa. Zed ƙarƙashin batir ne, don ruwan batir yana zuba ya cinye wurin ya gangara kan dogon ƙarfen da ke ƙasansa, sai daɓen ƙafar direba, sai kusurwar da ke gaban tayar baya, sai bakin ƙofar but. SL 107 tana da wani mugun wuri a bangon injin ƙarƙashin murfin fankar iska, ruwa na taruwa a nan in magudanar ta toshe, in mai ita ya yarda ka kwance murfin ka leƙa, gyaran wurin sai an fidda dashbod gaba ɗaya. Trans Am da Camaro na shekarun 1970 ka duba gindin gilashin baya da daɓen but da inda sifirin na baya ya kama. Corvette kuwa kyan ɗan maciji gare ta, bodinta faiba ne ba ya tsatsa, mayen ƙarfe ma ba zai yi maka aiki a kanta ba, amma shasin yana ruɓewa daidai gaban tayoyin baya, da kuma kejin ƙarfen da ke kewaye da gilashin gaba a ɓoye cikin faibar.

Sai ka bi bodin da mayen ƙarfe, taku-taku, musamman ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa ka zana a littafinka.

Bari in ba ka nawa labarin don kada ka ce ina cika baki. Farkon wadda na saya da kuɗina 280ZX ce fara, fenti sabo, ƙasa an shafe ta da baƙin kwalta tas, na ga tana sheƙi na ce Allah ya kashe ya ba ni, ko mayen ƙarfe ban ciro daga aljihu ba don kunyar dattijon da ke sayarwa. Da muka kai ta wankin yashi, inda ake fesa yashi a kankare fenti da tsatsa, sai dokin ƙofar dama ya zube a ƙasa guntu-guntu, abin da ke ciki ragar waya ce irin ta kejin kaji da jarida da aka cusa aka shafe da ma'ajun mai kaurin yatsa biyu. Na tsaya ina warware jaridar ina karanta labarin ƙwallo, mu'allim ɗina yana gefe da kofin shayi bai ce komai ba sai can ya ce, "Ya waladi, ka sayi jarida da tsada." Tun ranar in na ga sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin tsohuwar mota, zargi nake fara yi.

Yadda nake yanke hukunci a nan shi ne, daɓen ƙasa da ƙasan ƙofa da fuka-fukan taya duk ana canzawa, aiki ne na kullum. Amma in tsatsa ta uku ta kama wurare uku ko fiye a cikin masu ɗaukar nauyi, dogayen ƙarafan ƙasa, mazaunin ƙafa, ginshiƙan gilashi, bangon injin, toh ba gyara za ka yi ba, sabuwar mota za ka ƙera a kewayen lambar shasi.

5. Ta taɓa cin karo?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya hagu da dama, ya kamata su zo ɗaya. Ka buɗe bonet ka auna a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ɗaya gicciyen. Ka shafa dogayen ƙarafan gefen injin da hannu ka ji ko akwai tattara ko tabon wuta. Karkatacciyar mota ana miƙe ta a kan benci, amma karkatacciya kuma ruɓaɓɓiya in aka ja ta yagewa take yi.

6. Injin, kuma kada ka tayar da shi

Kuskuren da kowa ke yi, a kawo batir a zuba fetur a kafireta a murza. Kada ka yarda. Injin da ya shekara goma a kwance silindarsa a bushe take, fetur ɗin tanki ya zama kamar danƙo, minti ɗaya na iya lalata abin da shekara goma ba ta lalata ba.

Zaro sandar bakin mai tukuna. Baƙi ƙirin ba laifi, amma in ya yi kalar shayi da madara ruwa ya shiga. Buɗe lagireto ka leƙa, a nan mutanenmu ruwan famfo suke zubawa shekara da shekaru, shi kuma yana cin kan injin na alminiyam irin na Zed. Sannan ka cire fulogai duka ka jera su bi da bi yadda suka fito, wanda ya yi tsatsa a baki silindarsa ta sha ruwa. Ka ɗura man giya kamar cokali biyu a kowane rami, in son samu ne a bar shi kwana biyu ko uku, sai ka sa soket a babbar ƙusar fulen gaba ka juya da hannu a hankali. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, alhamdulillahi. In ya ƙi kada ka hau kan sandar da ƙarfi, za ka karya zobe ko ka lanƙwasa wani abu. In babu soket ɗin da ya dace kuma giyar hannu ce, a sa ta a giya ta sama a ɗan jijjiga motar gaba da baya, in tayoyin na juyawa kenan. Wanda ya juya, bayan an canza mai, sai a sa geji, kuma abin dubawa shi ne silindojin su yi kusa da juna, kada bambancin ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari.

Amma ka ji gaskiya, ko injin ya cije ni bai cika hana ni saye ba. Injin L na Nissan mai silinda shida, wato na Zed, da V8 na Chevrolet ba su da wuyar sha'ani, kayansu na samuwa, makanikai sun san su. Wanda ke cin kuɗi shi ne tsarin feshin mai na tsofaffin Marsandi in ya daɗe a kwance, da injin Porsche. In dai an ce ka zaɓa, mataccen injin a lafiyayyen bodi ya fi injin mai rai a ruɓaɓɓen bodi sau goma.

7. Ƙirga abin da babu

Nan littafin zai yi aiki. Zagaya motar ka rubuta duk abin da ya ɓata ko ya fashe, gilasai, fitilu, bamba, ƙarafan ado masu ƙyalli, tambari, agogunan dashbod, maɓallai, hannun ƙofa. Ƙananan nan su ne ke kashe mutum, fistin ana ƙera sabo amma wani ɗan ƙarfen bakin gilashi sai ka shekara kana nema. In an ce maka "kayan duk suna cikin kwali", zazzage kwalin a ƙasa ka gani. Motar da wani ya kwance ya gaji ya bari ta fi wadda ba a taɓa ba wahala, don shi kaɗai ya san inda ƙusoshin suka tafi.

Sannan kafin ka biya ko riyal ɗaya ka nemo farashin manyan abubuwa goma a jerinka. Ka zaga tashlih na Briman, in kana Riyad ka je na Ha'ir, ka tambayi masu kawo kaya daga Sharja. Tashlih yanzu ba kasafai ake samun kayan shekarun 1970 ba, galibi sai odar Amurka ko Jamus ko Japan, toh ka lissafa dala a kan riyal 3.75, ka ƙara kuɗin jigila wanda a manyan faranti da gilashi yakan kusa kuɗin kayan, ka ƙara kwastan da harajin kashi 15. Kuma ka kula da kayan Japan da Ingila, sitiyarinsu a dama yake, dashbod da wasu kayan sitiyari ba za su hau taka ba. MGB da Mustang da Corvette kusan komai nasu ana ƙera sabo, MGB har bodi sukutum ana sayarwa a Ingila. Wadda ba a yi da yawa ba kuma ba ta da masoya, wannan rijiya ce gaba dubu.

8. Lissafi

Kuɗin saye, satha wato motar ɗaukar mota, tara da takardu, wankin yashi, walda, fenti, injin da giya, birki da ƙafa da tayoyi, wayarin, kujeru da rufi, ƙyalli, da kuɗin wurin ajiya na wata-wata. Kada ka manta da AC, a Jidda mota ba sanyi ta wata uku ce a shekara, kuma na da gas ɗin R12 suke sha, sai an mayar da su R134a, sannan lagireto ma sai an ƙara masa ƙarfi. Ka kai samkari biyu daban su gani da idonsu su yi maka kuɗi. Abin da ya fito a walda da fenti ka ninka shi biyu, ba wasa nake ba, sai an tuɓe fenti ake sanin gaskiya. Sauran ka ƙara rabi.

Yanzu ɗauko lambar mataki na 2. Misali kawai, a ce lafiyayya tana riyal 100,000, lissafinka ya ba ka 140,000 da shekara uku, toh amsar a fili take, ka tara kuɗi ka sayi lafiyayyar. Kuma in gaya maka, a cikin goma da nake dubawa mafi yawa haka lissafin ke fitowa. Araha ba ta ado. Wanda ya ce maka zai tashi ruɓaɓɓiyar mota ta hannun warsha, wato garejin gyara, ya sayar ya ci riba, ko dai motar ta musamman ce ƙwarai ko bai taɓa yi ba.

9. Hanya uku

Ka tashe ta in takarda tsaf take, ƙashi na da rai, kaya na samuwa, kuma ɗaya cikin biyu, ko kai ne za ka yi yawancin aikin da hannunka, ko motar tana da wani matsayi a wurinka da ba na kuɗi ba. Motar mahaifinka da ya ɗauke ku a ciki zuwa Ɗa'if kuna yara, wannan ba na yi wa mutum lissafi a kanta, sai dai in ce ya san nawa zai kashe ya shiga da ido buɗe.

Ko ka saye ta a matsayin uwar kaya, in ƙashi ya tafi amma gilasai da ƙyalli da dashbod da injin suna nan, sai ka nemo wata mai busasshen bodi daga Najad, wato yankin Riyad da Ƙasim, ka haɗa biyu su zama ɗaya. Sau da yawa wannan ce hanya mafi sauƙi. Amma lambar shasi ba a ɗauke ta daga wata a kai wata, wannan laifi ne ba dabara ba.

Ko ka bar ta inda ka gan ta.

Akwai ta tsakiya ga mai ƙaramin ƙarfi in ƙashin bai yi muni ba, kada ka kwance ta gaba ɗaya. Ka gyara birki, tayoyi, tankin mai da bututansa, wayarin, ka toshe ramukan da fahas zai kama, ta hau titi da koɗaɗɗen fentinta, sauran a bi a hankali. Motar da ke tafiya ba a cika yasar da ita ba, wadda ke cikin kwalaye ita ake mantawa.

10. In ka saya, makon farko

Satha za ka kira, kada a ja ta da igiya, birkinta ba ya nan. Kada ka ajiye ta a bakin titi, baladiyya, wato hukumar birni, na manna wa yasassun motoci takarda su dawo su kwashe, ka nemi wuri mai rufi kafin ranar ɗauka. Ka tambayi warsha ko aikin na buƙatar takardar izinin gyara, kuma in za ka canza kala sai da izinin murur don kalar tana cikin istimara.

Ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, kowace ƙusa a leda da rubutu, kada ka yar da ko ruɓaɓɓen abu sai sabon ya zo ka gwada. Ƙurar tsohon birki kada ka hure ta da iska, na da akwai asbestos a ciki, jiƙa ta za ka yi ka goge. Tanki a cire shi a kai nesa kafin a kunna walda. Kafin a yanke dokin ƙofa a gicciya ƙarafa a cikin bodin a ɗaure shi, kuma gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba ƙofofinka ba za su ƙara zama daidai ba. Mai wankin yashi ka ce masa ya sassauta a kan bonet da rufi da ƙofofi don zafin yana lanƙwasa su, kuma a Jidda ranar da aka wanke ranar ake fesa faramar epoxy, wato fentin farko mai kare ƙarfe, in ta kwana tsirara da safe za ka tarar ta yi ja. Biyan warsha kuma kashi-kashi, ana gama mataki kana biya, kada ka ba da duka a gaba ko da ɗan unguwarku ne. Ringuna da kujeru da rediyo su ne na ƙarshe, na san hannunka zai yi ƙaiƙayi, ka daure.

Shi kuma ɗan ƙanwar tawa mun yi da shi Asabar da safe za mu je mu ga jar Zed ɗin, na ce ya taho da tabarma da mayen ƙarfen firij ɗin uwarsa, kuɗin kuma ya bar su a gida. Ɗazu ya kira ni wai ya tambayi istimara, mai motar ya ce tana wurin wansa a Madina, kuma wan nasa ba ya ɗaga waya.